Ninka Biyu, Ƙara Talatin

Ina tsugune ina wanki a bayan gidajen malamai ranar Asabar da hantsi, sai ga Marwei, matar yayana Takawira, ta faɗo a guje, kanta ba ɗankwali, leɓenta na ƙasa a fashe.

"Tete, taso! Ya buɗe ɗakin gashin taba, ta sake fitowa baƙa. Ya ɗauki rodi ya nufi wurin Runesu."

Ban tsaya ɗauraye hannu ba. Na zura takalmi na bi ta, muka ratsa ta gonar masara don yanke hanya.

Mu uku Baba ya bari. Takawira babba, sai ni Shorai da ake kira Tete a gida, wato gwaggo, sai Runesu auta. Tun muna yara aikina ɗaya ne a gidanmu, shiga tsakani. Takawira ya buga, Runesu ya sunkuyar da kai, ni in yi ta ihu a tsakiyarsu har wani babba ya zo. Na girma, na zama malamar lissafi, na fara furfura, aikin bai canza ba. Duk yankinmu na Hurungwe an san Takawira. Ya yi soja, ya yi haƙar zinariya, ya dawo da tabo a goshi da zuciyar da ba ta jin bari. Runesu kuwa ko kaza za a yanka sai ya miƙa wa matarsa wuƙa ya zagaya bayan ɗaki.

Baba a gonar Bature ya tsufa yana gasa taba. Lambobin gashi duk a kansa suke, kuma da su ya tafi kabari, domin a lokacin babu ɗansa ko ɗaya da ke son warin taba. Abin da ya bari shi ne ma'aunin zafinsa, dogon gilashi a jikin farantin tagulla mai tsohon awon Farenhait. Da kamfani ya zo yana raba iri da taki, 'yan'uwan nawa biyu suka shiga, kowa ya gina ɗakin gashinsa, tsakaninsu bai fi jifan dutse ba. Malamin gona na kamfani ya ba kowa sabon ma'auni na roba mai awon Selsiyos, ya faɗa musu zafin da ganye yake so a kowane mataki. Runesu ya rataye nasa. Takawira ya jefa nasa a ramin bayan gida, ya ce shi ɗan fari ba zai gasa taba da kayan wasan yara ba alhali na Baba yana hannunsa.

Gashin farko tabar Runesu ta fito ruwan zinariya, ta Takawira ta fito kamar busasshiyar hanta. Ya ce itace ne bai bushe ba, ya karya wa karensa ƙafa don haushi. Gashi na biyu ma haka. Sai ya tafi wurin wani boka a hanyar Karoi, bokan ya kaɗa ƙasusuwansa ya ce ruwa ba ya tsami banza, wani wanda suka sha nono ɗaya ne yake janye hasken ganyensa yana zubawa a nasa. Da labarin ya iske ni tsaki kawai na yi. Wannan na yau shi ne na uku, kuma shi ne ganye mafi kyau na tsakiyar kara, wanda manomi yake ɗora duk begensa a kai.

Tun daga nesa na hango ƙofar ɗakin gashin Runesu a wangale, zafi yana fita yana rawa a iska. Ana tsakiyar gashi ne, buɗe ƙofar nan kaɗai ya isa ya kashe taba. Takawira bai tsaya nan ba. Ya shiga ya fizgo sandunan da aka rataye ganye, ya watsar a tsakar fili, ya bi su da takalmin soja yana neman layar da boka ya ce an ɓoye. Ganye mai ruwan zinariya ya koma gari a cikin turɓaya.

Runesu yana kwance kusa da bakin murhu. Hannunsa na dama ya lanƙwashe a wurin da ba gaɓa, ƙashi ya turo fata. Jini yana zuba daga kunnensa. Ba ya kuka, numfashi kawai yake ja ta baki. Maƙwabta sun taru a gindin bishiya, maza majiya ƙarfi, sun harɗe hannuwa suna kallo. Wai rigimar 'yan gida ɗaya ce, bare ba ya shiga. Har yau in na haɗu da su a coci ba na amsa gaisuwarsu da daɗin rai.

Takawira ya cusa kan rodin a cikin garwashi yana jujjuyawa.

"Ina ka binne ta? Ka faɗa tun ƙarfen nan bai yi ja ba. In ya yi ja, na rantse da kabarin Baba a idonka zan kashe shi."

"Mukoma, ban binne komai ba," in ji Runesu. Mukoma muke kiransa, wato yaya.

Takawira ya sa ƙafa ya taka karyayyen hannun. Sai a lokacin Runesu ya yi ƙara, irin ƙarar da ban taɓa jin ta fito daga bakin mutum ba.

Na faɗa kan Takawira na riƙe rigarsa. "Mukoma, ka haukace ne? Ɗan uwarka ne fa!"

Bai ko juyo ba, bayan hannu ya sakar mini. Na tsinci kaina a ƙasa, bakina cike da gishirin jini, haƙori ɗaya yana lilo.

"Malama, koma ki koya wa 'ya'yan mutane ɗaya da ɗaya. Nan maganar maza ake."

"Wace maganar maza? Kai ka ƙona tabarka, ka zo kana huce haushi a kan wanda ba ya ramawa."

Wannan ta shige shi. Ya saki rodin a cikin wuta ya juyo kaina, idanunsa jajur.

"Ni na ƙona? Ni? Mako guda ban kwanta a katifa ba! Abin da ɗan kamfani ya ce shi na yi, ko gashin gira ban kauce ba. Ya ce in ganye ya yi rawaya a kai wuta hamsin da biyar. Ninka biyu, ɗari da goma. Ƙara talatin, ɗari da arba'in. Na tsayar da ma'aunin Baba a ɗari da arba'in cif, ina zaune ina kallonsa kamar mai gadin fursuna. Ya ce saba'in don busar da jijiyar ganye, na kai ɗari da saba'in. To faɗa mini inda na kauce, ke mai ilimi!"

Ina zaune a ƙasa ina tofar da jini, sai kalmomin suka daki kunnena. Ninka biyu, ƙara talatin. Ai na san wannan waƙar, duk gidanmu mun san ta. Ta Baba ce. Da rediyo ya koma faɗin zafin gari da sabon awo, Baba yakan zauna da safe da kofin shayi, in an ce yau ashirin da biyar, ya ce, "Ninka biyu, ƙara talatin, tamanin ke nan, yau a sha rana." Duk dattawan ƙauyen haka suke yi. Don sanin ko za ka ɗauki kwat in za ka kasuwa, lissafin ya wadatar. Baba bai taɓa gasa taba da shi ba, bai ma buƙaci haka ba. Amma Takawira daga bakin Baba ya ji, don haka a wurinsa ya zama aya.

Na san in na ce masa lissafin Baba ba daidai ba ne, sauran haƙorana ma sai na tsince su a ƙasa. Sai na miƙe na ce, "Mukoma, ni ba zan yi musu da kai ba. Bari ma'aunin Baba ya yi shaida. A kawo tukunyar ruwa, a tsoma nasa da na Runesu tare, a ɗora a wuta. Kai za ka yi lissafi, kai za ka karanta na Baba da idonka. In lissafinka da ma'aunin suka tafi tare har hamsin da biyar, to sihiri ne, ni da kaina zan riƙe maka kan Runesu."

"Tete!" in ji Marwei, ta dafe ƙirji.

"Ki yi mini shiru. Je ki ɗauko tukunya."

Takawira ya tsaya yana huci yana dubana. Ya dubi mutanen gindin bishiya. Abu ɗaya da yake so fiye da duka shi ne a gan shi da gaskiya a gaban jama'a.

"To," ya ce. "Kowa ya matso ya zama shaida. Kun dai ji abin da ta ce da bakinta."

Ya tafi ya ciro ma'aunin Baba daga ɗakinsa, yana riƙe da shi da hannu biyu kamar jariri. Marwei ta kawo tukunyar da take tuƙa sadza, tuwonmu na masara, cike da ruwan rijiya, na ciro na Runesu daga igiyarsa. Muka kafa duwatsu uku can gefe, na ɗebo garwashi da shebur daga murhu. Rodin yana nan a cikin wuta, kansa ya fara ja. Na gan shi sarai, na ma ji daɗi da Takawira ya manta da shi. Na ce wa Runesu, "Yi haƙuri, kwanta, yanzu za a gama." Idonsa yana kan ganyensa da ke cikin turɓaya.

Muka tsoma ma'aunan biyu. Na ba Marwei na roba ta riƙa karantawa.

"Ashirin," ta ce.

"Arba'in, da talatin, saba'in," in ji Takawira. Ya sunkuya ya leƙa na Baba. "Sittin da takwas." Ya kwashe da dariya. "Biyu! Saboda biyu kika tara mutane, Malama? Biyu ce za ta ƙona ɗaki guda na taba?"

Wasu daga cikin 'yan kallo suka taya shi dariya. Na san abin da ke tafe, domin lamba ba ta ƙarya, amma mutum yana iya ƙin jiranta. Na ƙara garwashi na yi ta fifita da murfin tukunya.

"Talatin."

"Casa'in." Ya leƙa. Ya ɗan jima. "Tamanin da shida."

"Arba'in," in ji Marwei.

"Ɗari da goma."

Wannan karon bai faɗi abin da ya gani ba. Wani dattijo da ke leƙe ta kafaɗarsa ya ce, "Ɗari da huɗu nake gani, ko idona ne?"

Takawira ya zabura ya damƙi gashina ya danna fuskata kusa da ruwan, tururi yana dukan idona.

"Me kika zuba a ciki? Bakinku ɗaya da shi, ko? Ke ma nono ɗaya muka sha!"

"Ruwan rijiyarka ne, tukunyar matarka ce, ma'aunin ubanka ne," na ce da ƙyar. "In ka nutsar da ni ma jan zaren ma'aunin nan ba zai hau don ya faranta maka ba. Sake ni ka kalla."

Ya hankaɗa ni gefe, gwiwar hannuna ta bugi dutsen murhu, fata ta saɓule. Na rarrafo na dawo. Yanzu kowa ya zagaye tukunyar, kai da kai, ba mai tari.

Na tsinci tsinke na ja layi a ƙasa, ina magana da sauri kafin zuciyarsa ta sake ciwo shi. "Duba nan, Mukoma. Inda ruwa yake daskarewa, sabon awo ya ce sifili, na Baba ya ce talatin da biyu. Ba talatin ba, da biyu. Daga nan zuwa inda aka sa alamar tafasa, sabon ya yanka hanyar gida ɗari, na Baba ya yanka ta gida ɗari da tamanin. Ke nan duk goman da sabon ya hau, na Baba sha takwas yake hawa. Kai kana ba shi ashirin. A ruwan sanyi rarar ba ta taru ba, shi ya sa ka ga biyu. Amma duk goman da aka ƙara kana cusa biyun banza, suna taruwa." Na ja layi na biyu daga kusan wuri ɗaya, ya fi na farko miƙewa sama, bakinsu yana ta buɗewa. "Ga hanyar ma'auni, ga taka. A gindi kamar ɗaya suke. Can sama inda ake gasa taba, sun rabu. Abin da ya kamata, ka ninka da tara, ka raba da biyar, sannan ka ƙara talatin da biyu."

"Hamsin da biyar," in ji Marwei a hankali.

Na ce, "Hamsin da biyar sau tara, ɗari huɗu da casa'in da biyar. Raba biyar, casa'in da tara. Da talatin da biyu, ɗari da talatin da ɗaya. Ban leƙa ba, kowa shaida ne. Karanta."

Takawira ya durƙusa a kan gwiwoyinsa. Ya ciro ma'aunin ya kara da ido, ya mayar, ya sake cirowa. Ya goge tururin da babban yatsa.

"Ɗari da talatin da ɗaya," ya ce, kamar mai magana a barci.

"Bar shi ya kai ɗari da arba'in ɗinka, mu ji abin da na kamfani zai ce."

Muka jira. Ba a jin komai sai ƙarar garwashi. Da jan zaren ya taɓa ɗari da arba'in, Marwei ta ce, "Sittin." Dattijon nan ya girgiza kai ya ce ai ganye mai sauran ruwa a jiki in ya sha sittin dahuwa yake yi, ba bushewa ba, ko yaron da ya fara ɗaure ganye jiya ya san wannan.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na so in faɗa masa haka a fuskarsa, bakina har yana ƙaiƙayi, amma da na dube shi sai na kasa. Wannan ƙaton mutumin yana durƙushe yana lissafi da yatsu kamar ɗan aji ɗaya, leɓensa yana motsi, ya kai ƙarshe ya sake farawa. Ban taɓa ganin fuskarsa babu fushi ba sai ranar, kuma da fushin ya sauka, fuskar Baba ce sak a ƙarƙashi. Tausayinsa ya kama ni, ni da haƙorina ke lilo. Na ce a raina an gama, na raba su, wannan karon ma na raba su.

"Ashe ni na dafa ta," ya ce. "Da hannuna. Sau uku." Ya ajiye ma'aunin a cikin tukunya, ya dafe kai da hannu biyu. "Runesu," ya ce, bai juya ba. "Runesu, ƙanena..."

"Tete."

Muryar daga bayansa ta fito. Duk mun ba murhu baya, babu wanda ya ga lokacin da Runesu ya tashi. Yana tsaye, hannun dama yana reto kamar ba nasa ba. Hannun hagu ya naɗe shi da buhu, yana riƙe da rodin, kan ƙarfen ja har yana fari-fari.

"Tete, nawa ne bambancin?"

Muryarsa a kwance take, irin wadda yake tambayar ko an ba shanu ruwa. Ni kuma malama ce, an yi mini tambayar lissafi, bakina ya riga hankalina.

"Tara," na ce.

"Tara," ya ce. Ya dubi hannunsa, ya dubi ganyen da ke ƙasa. "Tara."

Takawira ya ɗago kai zai waiwaya. Rodin ya sauka a ƙeyarsa. Na ji ƙarar ƙashi, na ji ƙaurin gashi yana ƙonewa. Ya kife a kan duwatsun, tukunyar ta juye, ruwan zafi ya watsu a ƙafafunmu, garwashi ya yi cuu. Mutane suka tarwatse suna ihu. Runesu ya sake ɗagawa ya sauke, ya sake. Na rungume ƙugunsa ina kiran sunansa, ina kiran sunan mahaifiyarmu, ya ja ni a ƙasa kamar ba ni da nauyi. Mutumin da ba ya iya yanka kaza, da hannun hagu, bai tsaya ba sai da rodin ya kuɓuce masa don kansa.

Marwei ta zauna daɓas a cikin ruwa da toka, ta ɗora kan mijinta a cinya tana share masa fuska da zaninta, ko da yake babu sauran abin sharewa. Ma'aunin Baba yana ƙarƙashin ƙirjinsa, gilashin ya fashe. Mazan gindin bishiya sai yanzu suka sami ƙafa, biyu suka hau keke wai za su kira 'yan sanda.

Runesu bai gudu ba. Ya koma bakin murhunsa ya zauna inda ya saba zama, ya jingina da bango, ya ɗora karyayyen hannun a cinya. Na je na durƙusa a gabansa. Ina so in zage shi, ina so in rungume shi, na rasa wanda zan fara, sai kawai na yi ta kuka ina kallonsa. Shekara da shekaru ina gadin zuciyar Takawira, ko sau ɗaya ban taɓa tambayar kaina abin da ke taruwa a cikin wannan ba.

Ya ɗaga ido ya dubi ɗakin gashinsa. Akwai sauran sanduna kaɗan a can sama da Takawira bai kai gare su ba, ganyensu yana nan rawaya.

"Tete," ya ce, "rufe mini ƙofar nan. Zafi yana fita."

Na tashi na rufe.